Babi na Shida: Ba Duk Zafin Ƙirji Ne Olsa Ba

Wanda ya taɓa zama a bakin kemis a Gaya ko Ajingi ya san yadda cinikin yake tafiya. Dattijo zai zo ya dafa ƙirji, ya ce wa yaron kanti, "Ɗana, ba ni maganin olsa." Yaro ba zai tambayi inda ke ciwo ba, balle tun yaushe. Abin da zai ce kawai shi ne, "To Baba, na ruwa ko na ƙwaya?" Shi ke nan, an ga likita, an yi awo, an rubuta magani, duk cikin minti ɗaya. Daga Kademi zuwa Toranke, duk abin da ya dami mutum tsakanin maƙogwaro da cibiya olsa ne. Alhali da yawa daga cikin masu wannan kuka ba su da gyambo ko kaɗan a cikinsu. Abin da ke damunsu ƙwarnafi ne da ya zama ciwo: ruwan tsamin da ya kamata ya zauna a tumbi shi ne yake tasowa sama, yana ƙona hanyar abinci.

Bambancin ba na suna ba ne. Gyambon ciki rauni ne, yana da sanadi da ake iya kawarwa, mutum ya warke ya manta. Tasowar ruwan tsami kuwa matsalar ƙofa ce, kuma sau da yawa abokiyar zama ce ta shekaru. Awonsu daban, maganinsu daban, haɗarinsu ma daban.

Hanyar abinci bututu ne mai tsawon kimanin santimita 25, daga maƙogwaro zuwa tumbi. A ƙarshensa akwai wani zoben tsoka da ke aiki kamar igiyar bakin buhu: ya saki a zuba, ya ja ya ɗaure. Tumbi yana fitar da ruwan narkar da abinci kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace rana, kuma asid ɗin da ke ciki mai ƙarfi ne ƙwarai. Shi tumbin an shafe shi da majinar da ke kare shi. Bututun ba shi da wannan gata. Idan zoben ya yi sako-sako, ko yana buɗewa ba da dalili ba, ko kuma wani ɓangaren tumbi ya kutsa ta cikin tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya hau sama, to asid ya sami hanya. Sai a ji zafi a bayan ƙashin ƙirji, ko gyatsa mai tsami, ko ruwa mai ɗaci ya cika baki cikin dare. Wasu ma ba sa jin zafin. Su tari ne na dare, ko dashewar murya da safe, abin da ladanai da malaman makarantun allo suka fi saurin lura da shi. Kowa yakan sami ƙwarnafi jefi-jefi. Yana zama ciwo ne idan ya riƙa zuwa sau biyu ko fiye a mako, ko ya hana barci da aiki. Ƙididdigar da ta tattara binciken ƙasashe da dama ta nuna kimanin kashi 13 cikin ɗari na manya a duniya suna fama da shi aƙalla sau ɗaya a mako.

Yanzu a dubi yinin mutumin karkara. Da damina, manomin Balare ko Shagogo yakan cika ciki da fura ko ɗumame, ya ɗauki fartanya ya sunkuya har azahar. Matarsa a sunkuye take shara, a sunkuye take wanki, a tsugune take tuƙa tuwo. Kowane sunkuyo matse ciki ne. Babban abincin gida kuma na dare ne: tuwo mai nauyi bayan isha'i, da yaji da man shanu ga mai hali, a sha ruwa kofi biyu, a shimfiɗa tabarma. A tsaye, nauyin abinci yana riƙe shi a ƙasa. A kwance babu mai riƙe shi sai zoben nan. Ƙara da goro, da shayi mai kauri, da lemon kwalba, da taba ga mai sha. Teɓa ma tana matse tumbi, haka juna biyu, shi ya sa ƙwarnafi yake addabar mata a watannin ƙarshe. Har wasu magungunan hawan jini, irin su amlodifin da nifedifin da ake rubutawa ko'ina, suna sassauta zoben. Ba a cewa a daina su. A dai gaya wa wanda ya rubuta.

Azumi shi ne babban gwaji. A buɗa-baki a haɗa kunu da ƙosai da soyayyen dankali da ruwan sanyi a zama ɗaya, a tashi a tafi asham da ruku'u da sujada. Da sahur a danna tuwo, a yi sallar asuba, a koma barci. Sai a ce azumi ya tayar da olsa. Ba yunwar ce ta tayar da shi ba, ƙoshin ne.

Shi kuwa gyambon ciki na gaskiya, labarinsa ya sauya tun 1982, lokacin da likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano wata ƙwayar cuta mai rayuwa cikin asid ɗin tumbi, wadda yanzu ake kira Helicobacter pylori. Ba a yarda da su ba, har sai da Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, ya kamu, ya nuna wa duniya. A 2005 aka ba su lambar Nobel. Wannan ƙwaya da magungunan kashe zafi su ne suke jawo mafi yawan gyambon ciki. Magungunan nan kuwa, diklofenak da ibufurofen da firoksikam, su ne abincin manomi da ɗan dako da mai tura kura. Masu talla suna ƙulla su a leda da sunan maganin gajiya, ana haɗiya da safe ciki babu komai.

A nan ne wani tarko yake. Binciken da Chris Holcombe da abokan aikinsa suka yi a yankin Maiduguri, wanda aka buga a 1992, ya sami alamar wannan ƙwaya a jinin kusan kashi 85 cikin ɗari na mutanen da aka auna, yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Ma'ana, idan ka tare mutum goma a tashar Gaya ka ɗebi jininsu, takwas za su iya fitowa da ita. To amma awon jini shi ne ƙananan ɗakunan gwaji suka fi yi, domin shi ya fi araha. Mai ƙwarnafi ya je, a ɗebi jini, a ce masa "kana da olsa," a ɗora shi kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu. Ya gama, zafin ƙirji na nan, ya koma a sake aunawa, a ce har yanzu tana nan. Ba dole ne tana nan ba. Jini yana riƙe alamar tsawon watanni, har shekaru, bayan an kashe ƙwayar. Awon da ke nuna ko tana raye shi ne na bahaya ko na numfashi, kuma sai an ajiye omefrazol, wato maganin rage asid, mako biyu, maganin ƙwayoyin cuta mako huɗu, kafin a yi shi. Ko an tabbatar an kashe ta, wannan ba ya gyara zoben da ya saki. Na sha ganin kuɗin buhun gero ya tafi a wannan zagaye.

To ta yaya ake gane ciwon ƙwarnafin? Matakin farko ba ya buƙatar na'ura, tambaya yake buƙata. Zafi mai hawa daga ciki zuwa wuya, mai tsananta bayan cin abinci ko kwanciya ko sunkuyo, tare da ruwan tsami a baki: wannan ya ishi ma'aikacin lafiya ya ba da omefrazol na mako takwas ya ga yadda za a yi. Amma kafin ya miƙa ƙwayar, akwai tambayoyin da bai kamata ya tsallake ba. Abinci yana tsaya maka a ƙirji? Kana ramewa ba dalili? Ka yi aman jini, ko bahaya baƙi ƙirin? Amai ya ƙi tsayawa? Idanu da tafin hannu sun yi fari? Ciwon sabo ne ga wanda ya haura hamsin? Eh ɗaya tak ta isa a rubuta takardar turawa gaba, domin sankarar hanyar abinci da ta tumbi da irin wannan shigar suke zuwa. Tarin da ya wuce mako biyu kuma, a ƙasarmu, tarin fuka ake fara nema kafin a ɗora laifi kan asid.

Akwai wanda ya fi waɗannan gaggawa. Bugun zuciya yakan zo da kamannin ƙwarnafi. Idan ƙirji ya yi nauyi kamar an danne shi, zafin yana zuwa da tafiya ko hawan keke yana lafawa da hutu, yana ratsa hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi ga haki, to wannan ba na kemis ba ne. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya ji haka, Babban Asibitin Gaya ya kamata a nufa da shi nan take a auna zuciyarsa, ba a tsaya jiƙa kanwa ba.

Wanda aka tura gaba, yawanci hanyar Wudil zai bi ya shiga Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani daga cikin asibitocin birni masu na'urar leƙa ciki. Siririn bututu ne mai kyamara a kai, ana zura shi ta baki bayan an fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro. Aikin minti goma ne zuwa sha biyar, kuma tsoronsa ya fi shi zafi. Da shi likita yake ganin gyambo, da ƙari, da tumbin da ya hau sama, da ƙunar da asid ya yi wa bututun, wadda ake aunawa mataki huɗu, daga A zuwa D, bisa tsarin da aka gabatar a Los Angeles a 1994. Yana kuma neman wani sauyin fatar bututun da ake kira da sunan Norman Barrett, likitan fiɗa na Landan da ya yi rubutu a kansa a 1950, wanda a 'yan tsirarun mutane yake rikiɗewa ya zama sankara.

Sai dai kyamara tana da iyaka. Fiye da rabin masu ƙwarnafi na gaske, idan aka leƙa, ba a ganin komai. Mutum ya biya kuɗin mota da na awo, a ce masa cikinka lafiya lau, ya dawo gida yana zargin likita ko yana zargin sammu. Wannan giɓin ne sababbin hanyoyin awo suka zo cikewa. Maimakon a nemi ɓarnar da asid ya yi, sai a auna shi kansa asid ɗin. Tun 1974 likitocin Amurka biyu, Johnson da DeMeester, suka tsara awon awa 24, wanda yanzu ake yin sa haka: a zura siririyar waya ta hanci har kusa da zoben, mutum ya tafi harkarsa da 'yar na'ura a ƙugu tana rubuta duk lokacin da tsami ya taso. Daga baya aka ƙara wa wayar ikon jin motsin kowane ruwa ko iska, mai tsami da marar tsami. A farkon shekarun 2000 aka fito da Bravo, wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar magani da ake maƙalawa a jikin bututun ba tare da waya ba, tana aika saƙo kwana biyu zuwa huɗu, sannan ta faɗi da kanta ta bi bahaya. A 2018 ƙwararru suka fitar da matsayar da ake kira ta Lyon, wani birni a Faransa, suka sabunta ta a 2023: idan asid ya zauna a bututun fiye da kashi 6 cikin ɗari na yini, wato kusan awa ɗaya da rabi, ciwon ya tabbata, ƙasa da kashi 4, ba shi ba ne. Amfanin wannan awo, a ganina, ya fi yawa wajen wanke asid daga laifi. Akwai masu jin zafin ƙirji sosai alhali asid ɗinsu bai wuce ƙima ba. Jijiyoyin bututunsu ne masu saurin jin ciwo, sau da yawa tare da damuwa da rashin barci. Irin waɗannan ko kwali nawa na omefrazol suka shanye ba za su ji daɗi ba.

Akwai kuma dabarar da Farfesa Rebecca Fitzgerald ta jami'ar Cambridge ta jagoranta, mai suna Cytosponge: soso ne a dunƙule cikin ƙwaya, da zare a jiki. A haɗiye, bawon ya narke cikin 'yan mintuna, ma'aikaciyar jinya ta jawo zaren, soson ya kwaso ƙwayoyin fatar bututun a kai ɗakin gwaji. Gwajin da aka buga a 2020 ya nuna ta gano masu sauyin Barrett ninki goma kan yadda aka saba. Ba wuta take nema ba, ba kyamara, irin abin da ƙaramin asibiti a Ajingi zai iya ɗauka ke nan. Amma sauyin Barrett ciwon Turawa ne fiye da baƙar fata, don haka ba ita ce buƙatarmu ta farko ba. Awon bahaya mai inganci a kusa da gida ya fi mana ita amfani.

A ɓangaren magani, namu na gado shi ne kanwa, kuma ba ƙarya ba ce: tana kashe tsami nan take, a yi gyatsa a ji sanyi. Matsalarta gishirin da ke cikinta. Tun a shekarun 1970, likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda da ya mayar da jiƙon kanwa abin shan kullum, ya gudu ne bai tsira ba. Madara ma tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, sannan ta sa tumbi ya ƙara zubo asid. Farin maganin ruwan nan na kemis aikin kanwa yake yi, cikin ƙima. Wanda ya ɗara shi shi ne mai sinadarin ciyawar teku, irin Gaviscon, wanda yake yin kumfa ya yi iyo a saman abinci ya toshe bakin tumbi. Shi ake fara ba masu juna biyu.

Magungunan da ke rage yin asid ɗin tun daga tushe sun fara ne da simetidin a 1976, wanda aikin James Black ya haifar, sai ranitidin a 1981. Shi ranitidin, wanda aka sani da Zantac, hukumar magunguna ta Amurka ta sa an janye shi daga kasuwa a Afrilun 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari mai iya jawo sankara, ƙasashe da dama ma suka dakatar da shi. Wanda ya ga ragowarsa a kanti ya bar shi. Omefrazol ya fito daga kamfanin Astra na Suwidin a 1988, kuma yau babu kemis ɗin da ba shi. Sai dai yawancin masu shansa ba daidai suke sha ba. Ba maganin kashe zafi ba ne da za a jira ƙirji ya ɗau wuta a haɗiya. Yana kashe 'yan famfunan da ke zubo asid ne a daidai lokacin da suke aiki, abinci ne yake tashe su, shi kuma maganin ba ya daɗewa a jini. Don haka minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo ake shansa, kullum, kuma sai ya kwana uku zuwa biyar kafin ya kai ƙarfinsa. Mai azumi ya sha da zarar ya farka, kafin a ɗumama sahur. Ko ya buɗe baki da dabino da ruwa da ƙwayar, ya yi magariba, sannan ya ci. Da yawa daga masu cewa "ya daina yi mini aiki" lokacin sha kawai za a gyara musu. Wanda kuma ya daɗe a kansa kada ya yanke rana ɗaya, domin asid yakan dawo da ƙarfi na 'yan makonni. A hankali ake ragewa, a tsaya kan mafi ƙarancin abin da ke riƙe mutum.

Sabon shiga shi ne bonofrazan, na kamfanin Takeda, wanda aka fara sayarwa a Jafan a 2015 da sunan Takecab, Amurka ta amince da shi don ƙunar hanyar abinci a Nuwamban 2023. Yana toshe famfunan ta wata hanya daban, yana aiki tun ranar farko, bai damu da an ci ko ba a ci ba, kuma ya fi tsofaffin warkar da ƙuna mai tsanani ta mataki C da D. Ga al'ummar da ke azumin wata guda, da Litinin da Alhamis, maganin da ba ya jiran abinci abin so ne. Tsadarsa ce za ta sa ya jima bai iso Gaya ba, kuma mafi yawan masu ƙwarnafi ba sa buƙatarsa.

Abubuwan da bincike ya fi goyon baya a gida kaɗan ne, kuma ba su haɗa da dogon jerin haramcin nan da ake rubuta wa masu olsa ba, wanda ke barin mutum da farin kunu kaɗai. Rage teɓa ga mai ita, barin taba, da tazarar awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, ko da hakan na nufin a ci bayan magariba. A ɗaga kan gado da bulo santimita 15 zuwa 20. Tara matasai ba ya yi, lanƙwasa ciki kawai yake. Mai kwana a ƙasa ya cusa wani abu a ƙarƙashin katifa daga ƙugu zuwa kai. Kwanciya a ɓangaren hagu tana rage tasowar asid, saboda yadda tumbi yake zaune. Na san mun taso da fara kwanciya a dama, mai lalura yana iya farawa a haka, ya yi addu'arsa, sannan ya juya. Yaji, tumatir, goro da shayi kuwa, kowa ya lura da wanda ke tayar masa ya rage shi.

Fiɗa ta 'yan kaɗan ce: wanda tumbinsa ya hau ƙirji sosai, ko abinci ke dawo masa baki duk da magani. Rudolf Nissen ne ya fara ta a Basel ta Suwizalan a 1955, inda ya naɗe saman tumbi a kewayen ƙarshen bututun ya ɗinke, ya zama sabon zobe. Tun 1991, da aikin Bernard Dallemagne a Beljiyam, ake yin ta ta 'yan ƙananan huda ba tare da tsaga ciki ba. A 2012 Amurka ta amince da LINX, wata 'yar sarƙa ta duwatsun maganaɗisu da ake ɗaurawa a wurin, tana buɗewa idan loma ta zo, ta koma ta rufe. Akwai kuma masu ɗinkin ta baki da na'urar leƙa ciki. Kowacce da farashinta a jiki: bayan aikin Nissen wasu sukan sha wahalar haɗiya na makonni, wasu su kasa gyatsa ciki ya riƙa kumbura, wasu kuma bayan shekaru su koma kan ƙwaya. Shi ya sa likitan fiɗa na ƙwarai ba ya taɓa mutum sai an leƙa, an auna ƙarfin matsar bututun, an kuma tabbatar da cewa asid ne yake tasowa.